Usur ɗin Rafali

Ranar Asabar ake kallon fim a gidan Rafali, kuma ba a tashi sai an yi kotu.

Shi ya kafa wannan tsari tun 'ya'yansa na ƙanana. Alƙalin wasan ƙwallo ne, ya yi shekaru yana busa usur a filayen gari har sunan ya biyo shi gida. Idan fim ya ƙare sai a kashe sauti, kowa ya faɗi hukuncinsa a kan ƙarshen labarin: wa ke da laifi, wa aka zalunta, me ya faru bayan hoto ya ɗauke. Ƙarami ke farawa, a hau sama har babba. Suruka tana magana gab da mijinta. Wanda ya tsoma baki ba layinsa ba ya yi satar gida, sai a ji gajeriyar busa mai kaifi, Rafali ya nuna shi da hannu. Maganar ƙarshe tasa ce. In ya gama sai ya ja doguwar busa, an tashi wasa ke nan, kowa ya nemi takalminsa.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Likita ya ce yana ji kuma yana fahimta, amma a hankali mutanen gidan suka koma yin zancensa a gabansa kamar ba ya wurin. Usur ɗin aka rataya masa a wuya da tsohuwar igiyarsa, don ya yi kira idan yana buƙatar wani abu. Kotun Asabar ba ta mutu ba. Akan turo shi falo a kekensa, a ajiye shi gefen taga, a yi shari'a, a ƙarshe ya busa a watse.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya har da matarsa, shi ke jinya. Kamfanin da yake wa aikin kula da sito ya rufe jim kaɗan kafin ciwon, sai ƙannensa suka ce abin ya zo daidai. Shi ke yi wa tsohon wanka, ya juya shi, ya kai fo, ya wanke zanin gado kowace safiya ya shanya a tsakar gida. Matarsa, Anti a bakin ƙannen miji, tana aiki a gidan burodi. Takan fita kafin gari ya waye, ta dawo bayan rana ta karya. Tsakanin fitarta da dawowarta, gidan daga Yaya sai mahaifinsa.

A 'yan makonnin nan Anti ta lura gidan ya yi shiru. A da tun daga bakin ƙofa take jiyo usur. Yanzu takan tarar da Rafali yana barci tun da sauran rana, baki a buɗe, kai a karkace. Ta tambaya sau ɗaya.

"Natsuwa ya samu," in ji Yaya. "Ba haka ake so ba?"

Ba ta sake tambaya ba.

Fim ɗin wannan Asabar Auta ne ya kawo. Mai sayar da kayan mota ne, da gemu da tumbi da 'ya'ya uku, amma a gidan nan har gobe Auta ne. Ya ce wani abokinsa ya tura masa, an ce masa labarin iyali ne mai daɗi. Bai kalla ba.

Labarin wata tsohuwa ne da ke kwance ba ta motsi, da 'yarta da ke jinyarta, da sauran 'ya'yan da ke nesa suna bugo waya su ce a gaishe da Mama. Kafin a yi nisa kowa a falon ya gane an yi kuskuren zaɓe. Lauya, 'yar tsakiya, ta juya ta watsa wa Auta harara. Ma'aikaciyar banki ce, mahaifinta ne ya raɗa mata sunan tun tana ƙarama saboda ja-in-ja. Auta ya maƙale da kallon talabijin kamar bai gan ta ba. Ba wanda ya so ya zama shi ne ya kashe, don kashewar ma magana ce. Aka bar shi ya tafi.

A ƙarshen fim ɗin 'yar ta shigo ɗakin da kofin shayi. Ta rufe taga. Ta zauna bakin gado ta tallafo kan uwar, ta ce, "Sha, Mama, ki huta." Hoto ya ɗauke. Da ya dawo gari ya waye, 'yar tana tsakar gida tana shanya zanin gado, waya tana ƙara a cikin ɗaki ba ta waiwaya ba. Sai sunaye suka fara hawa.

Auta ya danna rimot ya kashe sauti.

"To fa," ya ce. "Shi ke nan? Kuɗinsu ne ya ƙare?"

"Kai za ka fara," in ji Lauya. "Mai kawo mana fim mai daɗi."

"Ni laifina ne? Mutumin nan rantsuwa ya yi mini."

"Faɗi hukuncinka, ka bar rantsuwa."

Auta ya gyara zama ya shafa gemu. "Ni dai tsohuwar tana raye. Shanya ce kawai. Mai jinya ai kullum cikin wanki yake, ga Yaya nan a tambaye shi. Ta ba ta shayi, ta yi barci, gari ya waye, ta yi wanki. Mai fim ɗin so yake ya nuna gobe ma haka, jibi ma haka, ba ranar ƙarewa. Shi ne abin tausayin."

"Kai ko kaza aka yanka a gabanka cewa za ka yi barci take," in ji Lauya.

"Satar gida! Ban gama ba."

"Ka gama tun kafin ka fara."

Dukansu suka kalli gefen taga, don a nan ne busa ta saba shigowa. Rafali yana zaune da bargo a gwiwa, idonsa a kan talabijin inda sunaye ke ta hawa ba sauti. Bai motsa ba.

Lauya ta ajiye kofin ruwanta. "Kashe ta ta yi. Ku saurara. Tun farkon fim ɗin nan an taɓa buɗe tagar ɗakin gaba ɗaya? Ba a taɓa ba, tsohuwar ba ta son sanyi, sai dai a ɗan sassauta. Da safen nan fa? Tagar a wangale take a bayan yarinyar, labule yana kaɗawa. Wa zai wangale taga a kan mara lafiyar da ba ta son iska? Sannan ba zanin gado kaɗai ta shanya ba, har da rigar filo, har da bargo. Ɗaki ta kwashe. Wayar kuma ta san su waye, ta san abin da za su tambaya."

"Ko kuma tsohuwar ta mutu da kanta," in ji Auta. "Ajali ai ba ya neman taimako."

"To me ya sa aka nuna mana ta tana juya cokali a kicin har tsawon wannan lokaci? Sukari nawa ne a shayi ɗaya?"

"Ke dai kin fi son a yi kisa."

"Ni ba na so. Gani na yi." Ta juya. "Anti, layinki."

Anti tana zaune a kan kujerar roba kusa da ƙofar kicin, inda ta saba zama don tashi ya yi mata sauƙi. "Ni ban sani ba," ta ce.

"Babu ban sani ba a kotun nan. Baba ya hana tun muna yara."

Anti ta ce, "Ni tsohuwar na fi kallo. Da aka kawo shayin, ba 'yarta ta kalla ba. Kofin ta kalla."

"Yauwa," in ji Lauya. "Shaida ta biyu."

"Ban ce komai ba. Abin da na gani na faɗa."

Saura Yaya. Tun da aka fara fim ɗin yake zaune a ƙasa, baya jingine da bango, ƙafa a miƙe. Hannayensa sun yi fari-fari saboda omo. Bai ɗaga murya ba.

"Duk kun bar tambayar," ya ce. "Kuna ta ta kashe, ba ta kashe ba. Ba wanda ya tambaya ina sauran suke lokacin da take juya cokalin. Mutum ya bugo waya, a gaishe da Mama, ya kashe, ya juya ya yi barcinsa. Da safe kuma shi ne zai fara zama alƙali."

Lauya ta sunkuyar da kai ta gyara zoben hannunta.

"In ta yi, ni ban ga laifinta ba," Yaya ya ci gaba. "Tsohuwar ma ta gaji. Wanda bai taɓa ɗaga mutum daga cikin ƙazantarsa da asuba ba, ya wanke, ya dawo ya tarar an sake, kada ya yi mini maganar laifi."

"Haba Yaya," in ji Auta yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Fim ne fa."

"Fim ne, shi ya sa suka yi kuskure. Ba a sa irin wannan ƙwayar a shayi. Ɗaci take yi, tana taɓa harshe mutum zai tofar. Sai dai a murƙushe a sa a abu mai kauri mai zaƙi, yogot ko zuma. Shi ne yake wucewa ba a ji ba."

Fanka tana juyawa a sama. A titi wani mai babur ya wuce yana danna oda.

"Ai Baba ba ya iya haɗiyar ƙwaya," Yaya ya ƙara. "Haka likita ya ce a riƙa ba shi."

"Haka ne," in ji Auta da sauri. "Haka ne kam."

A lokacin ne Rafali ya motsa. Hannunsa na hagu ya taso daga kan bargo yana rawa, ya lalubo igiyar, ya kai usur ɗin baki. Kumatunsa suka kumbura. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Abin da ya fito iska ce kawai, kamar ta tayar da ta yi faci. Ya sake. Iska. Usur ɗin ya suɓuce ya faɗo kan ƙirjinsa, yawu na bin igiyar.

"Wayyo Baba," in ji Lauya a hankali. "Numfashin ya ragu."

"Kwana biyu haka yake," in ji Yaya.

Anti ta tashi. Ta goge wa tsohon baki da gefen tawul, ta zare igiyar ta kansa. "Bari in wanke maka, Baba." Yatsunsa suka kama bakin hannun rigarta, suka riƙe fiye da yadda ya saba. Ta zame a hankali ta shiga kicin.

Ta tara usur ɗin a bakin famfo. Ruwa ya shiga ta baki, bai fito ta tsagar sama ba. Ta girgiza shi kusa da kunne. 'Yar ƙwallon da ke ciki, wadda ta saba yin kacau-kacau, ba ta motsa ba. Ta kai shi wajen hasken taga ta leƙa. Akwai wani abu fari a ciki.

Ta ɗauki tsinken sakace ta soka. Auduga ce, an cusa ta an danna har ta yi tauri. Ta yi ta fitowa kaɗan-kaɗan, jiƙaƙƙiya, ta yi ruwan toka. Irin audugar da ke cikin kwandon magani ce, wadda ake goge masa gyambon baya da ita. Mai hannu ɗaya, hannun ma yana rawa, ba zai iya wannan aikin ba. Wannan aikin mai hannu biyu ne da ya zauna ya natsu.

Ta tara audugar a tafin hannunta ta dunƙule. Ta girgiza usur ɗin, ƙwallon ta yi ƙara.

Daga falo tana jin Auta yana neman mabuɗin motarsa, yana cewa zai sauke Lauya a hanya. Nan da ɗan lokaci za su tafi, sai wata Asabar ɗin, in an samu zuwa. Gobe kafin gari ya waye ita ma za ta fita, ta ja ƙofa a kan mutum biyu. Idan ta yi magana yanzu, a gaban ƙannensa za ta tsiraita mijinta, mutumin da ya ɗauki abin da su suka ƙi ɗauka, kuma maganar ba ta komawa ciki. Idan ta yi shiru, ta san wa ta bari da wa.

Yaya ya shigo. Ya buɗe firij ya ɗauko robar yogot, ya jawo kwandon magani daga saman kabad, ya ɗauki ƙaramin kofin roba mai hannu biyu da ake ba tsohon abu a ciki. Bai kalle ta ba. Ya ɓallo ƙwayoyi a faranti, ya ɗora bayan cokali a kai ya danna.

"Ba sai bayan abincin yamma ba?" ta ce.

"Ya gaji. Hayaniyar nan ta dame shi. Gara ya kwanta da wuri."

Ta kalli kwandon. Katin ƙananan fararen ƙwayoyin barci yana sama, waɗanda likita ya ce rabi, kuma sai ranar da ya kasa runtsawa. Ita ta sayo katin a farkon mako a hanyarta ta dawowa daga aiki. Kusan duk ramukan a fashe suke.

"Yaya."

"Na'am."

Ta buɗe hannunta. Ya kalli audugar, ya kalli usur ɗin a ɗaya hannun, ya ci gaba da murƙushewa.

"Kin san sau nawa yake busawa a wuni?" ya ce. "In na shiga banɗaki ya busa. In na sa abinci a baki ya busa. In na zo, ba abin da yake so, kallona kawai yake yi. Tun ina yaro yake busa mini wannan abin. Kaina kamar zai tsage."

"In ya faɗo daga gado fa? In ya shaƙe?"

"Ina nan. Ina zan je? Akwai inda nake zuwa?"

"Ƙwayoyin nan fa?"

Ya zuba garin a kofi, ya kwarara yogot a kai, ya fara juyawa. Cokalin yana bugun gefen roba a hankali.

"Ke kina fita," ya ce. "Kina ganin mutane, ana miki sannu, kina dawowa da ƙamshin burodi. Kada ki koya mini jinya."

"Ban koya maka ba. Tambaya na yi. Nawa ka sa?"

"Abin da zai sa ya huta."

Ya miƙo hannu, tafin a buɗe. "Kawo usur ɗin. In sun tafi ma yi magana."

Ta kalli hannun. Fatar tsakanin yatsun ta tsattsage, farcen ya cinye. Hannun da ya wanke zanin da ke kan igiya a waje ke nan, yau da jiya da duk safiyar da ta wuce tun bara.

"Kotu ba ta tashi ba," ta ce. Ta raɓa ta gefensa ta fita.

A falo Auta ya riga ya sa takalmi ɗaya. Lauya tana tsaye da jaka a kafaɗa, tana gyara mayafi a jikin gilashin talabijin. Fim ɗin ya koma hoton farko ya tsaya, fuskar 'yar mai jinya ta cika allon.

"Anti, mu za mu gudu," in ji Auta. "Wani satin ke za ki zaɓo fim, ni na tuba."

"Ba a busa ba," in ji Anti.

"Ai kin gani, ba zai iya ba."

"Ku ɗan tsaya."

Ta durƙusa gaban keken. Ta zura igiyar ta kan Rafali, ta ɗora usur ɗin a tafinsa na hagu, ta naɗe yatsunsa a kai. Ya girgiza shi kaɗan, ƙwallon ta amsa. Ya ɗago ido ya kalle ta. A da Mai Burodi yake kiranta, ya ce ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa karɓar jan kati ba. Ta miƙe ta koma gefe.

Yaya ya fito daga kicin da kofin a hannu, cokali a ciki. Ya ratsa falon. Yana daidai gaban talabijin Rafali ya kai usur ɗin baki.

Ƙarar ta tsaga ɗakin. Auta ya zabura har takalmin ya fita daga ƙafarsa. Ba doguwar busar tashi ba ce. Gajeriya ce mai kaifi, wadda duk wanda ya girma a gidan ya sani tun kafin ya iya karatu. Usur ɗin yana bakinsa, tsohon ya ɗaga hannun hagu ya miƙe shi sosai, yatsa a gaba. Hannun bai sauka ba.

"Allahu akbar, numfashi ya dawo!" in ji Auta yana tafi. "Kun gani? Baba ya yanke. Yarinyar ya nuna, ya ba da fanareti. Lauya, kin ci, na yarda, kashe ta ta yi."

Lauya ba ta yi dariya ba. Ta bi yatsan da ido. Allon talabijin yana can, fuskar 'yar fim a kai. Tsakanin yatsan da allon Yaya ne a tsaye da kofi.

"Matsa gefe, Yaya," ta ce. "Ka tare masa."

Yaya ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya yi taku zuwa wajen ƙofa. Hannun tsohon ya bi shi.

Auta ya daina tafi.

"Rikicewa ce," in ji Yaya. "Haka yake yi in ya gaji. Ku tafi kawai, yamma ta yi, in ba shi magani ya kwanta."

Anti ta matsa kusa da Lauya. Ta kamo hannunta, ta juya tafin sama, ta ajiye dunƙulen audugar a ciki.

"Mene ne wannan?"

"A cikin usur ɗin na ciro," in ji Anti. "Numfashinsa lafiya lau yake. Ki duba katin maganin barcin da ke kicin. Farkon makon nan na sayo."

Ba ta kalli mijinta ba, amma ta ji idonsa a gefen fuskarta.

Lauya ta daɗe tana kallon abin da ke tafinta. Ta matsa shi da yatsa, ruwa ya fito. Sannan ta zare jakar daga kafaɗa ta ajiye a kan kujera. Ta cire takalmi, ta jera su a bakin ƙofa.

"Auta, ka tafi. Ka biya ta gidana ka ce a haɗo mini kaya. Nan zan kwana."

"Kwana nawa?"

"Ka ce a haɗo da yawa."

"Wai me ke faruwa ne?" in ji Auta. Ya kalli wannan, ya kalli wancan. "Yaya, ka yi magana mana."

"Me zan ce?" in ji Yaya. "An samu masu jinya. Madalla. Da ma tun bara ake jiranku."

Lauya ta miƙa hannu. "Kawo kofin, ni zan ba shi."

"Ya yi ɗumi. Bari in sake wani."

"Ba komai, kawo haka."

"Na ce ya yi ɗumi."

Ya juya ya shiga kicin, ya turo ƙofar da ƙafa. Suka ji an buɗe famfo.

Rafali ya sauke hannunsa a kan bargo. Usur ɗin bai bar bakinsa ba, yana numfashi ta gefe, ƙwallon tana ɗan motsi a ciki da kowane numfashi. Lauya ta jawo kujerar robar Anti ta zauna dab da keken, ta ɗora hannu a gwiwarsa. Auta yana tsaye da takalmi ɗaya a hannu, ya rasa ko fita zai yi ko zama.

Anti ta fita tsakar gida, don lokacin kwashe shanya ya yi. Zanin gadon ya bushe ƙamas. A gefensa akwai rigar filo, akwai babban bargon da ake shimfiɗa wa tsohon a ƙasan zani, wanda ba a cika wankewa ba. Ba ta lura da su ba da ta dawo daga aiki. Ta tsaya tana kallonsu. Tagar ɗakin Rafali a rufe take.

Ta sauke zanin ta fara ninkewa. Ta tagar kicin tana hango bayan mijinta, ya sunkuya a kan wurin wanke-wanke. Kofin ƙarami ne, amma ya sa masa omo ya cuɗa, ya ɗauraye, ya sake sa omo. Ya wanke cokalin, ya wanke farantin. Da ya gama bai rufe famfon ba. Ya ɗago kai, suka haɗa ido ta gilashi, ruwa yana ta zuba.

Daga falo ba a ja doguwar busa ba.